Mabiya Daban, Masu Saye Daban

Ƙannena masu shirin kafa sana'a a waya, duk wanda ya ce muku kafofin sada zumunta ba su canza kasuwanci ba, bai yi ciniki a zamanin da babu su ba. A da, kafin baƙo ya ji labarin kayanka sai ka biya gidan rediyo ko jarida, ko ka zauna jiran wanda ƙafarsa za ta kawo shi. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, kafin a ankara mai ƙaramin jari ya fara nuna hajarsa ga mutanen wata ƙasa da wayar hannunsa. Facebook kaɗai na da masu amfani da shi kimanin biliyan 3 a kowane wata. Alheri ne babba, ni ma na ci moriyarsa wajen sayar da takalma da jakunkuna. Sai dai ban ci ba sai da na yi asarar kuɗi da lokaci a kan abubuwan da ba na so ku maimaita.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne yawan mabiya. Ina ganin shafukan wasu cike da dubban mutane, nawa kuwa kamar ba kowa, sai na biya wani ya ƙara mini. Adadi ya hau, na ji daɗi, ciniki kuwa ya tsaya inda yake, daga baya ma ya ja baya. Sai da na daɗe na gane dalili. Waɗannan kafofin ba sa nuna wa kowa duk abin da aka ɗora. Tun 2016 Instagram ya daina jera hotuna bisa lokacin da aka sa su, ya koma zaɓar wa kowa abin da yake ganin zai ja hankalinsa. A watan Janairun 2018 kuma Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Facebook, ya sanar cewa Facebook zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka rubuta a kan na shafukan kamfanoni. Cikin abubuwan da manhajar ke dubawa har da yadda mutane suka karɓi abin da ka ɗora: sun tsaya sun kalla, sun yi magana, sun tura wa wani? Mabiyan da na saya ba mutane ba ne, asusun bogi ne da ba sa kallo ba sa tankawa. Ashe da kuɗina na sayi abin da ke shaida wa manhajar cewa kayana ba su burge kowa ba. Mutum ɗari da suka san ka, suke tambayar farashi, sun fi dubu goma da ba su san ma suna bin ka ba.

Inda kuɗin yake, kuma inda na fi yin sakaci, shi ne akwatin saƙo. Na ɗauka aikina ya ƙare da na ɗora hoto mai kyau. Mutum zai tambayi farashi da safe, ban amsa ba sai dare, wani lokacin sai washegari, alhali wanda ke tambaya a waya yakan tambayi wasu ma a lokaci guda, wanda ya riga amsawa shi ke cin kasuwar. Ga kuma wata ɗabi'a da na kwaikwaya ba tare da tunani ba, ta ɓoye farashi a ce wa mutum ya biyo ta saƙo. Da yawa ba sa biyowa. Wasu kunya suke ji kada su tambaya su kasa saye, wasu kuma suna zargin za a duba fuskarsu ne a yanka musu. Da na koma rubuta farashi da girma da launi a ƙarƙashin kowane hoto, saƙonni suka ragu, amma mafi yawan masu zuwa da niyyar saye suke zuwa.

Ku sauke WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa. Yana da wurin jera kaya da farashinsu, da saƙon maraba, da saƙon da ke tafiya da kansa idan ba ka kusa, da alamomin da za ka bambanta wanda ya biya da wanda ake jira. Kuma kada ku yi abin da na yi na kwasar lambobin mutane in zuba su a zaure ɗaya ba da izininsu ba. Ficewa suka riƙa yi, wasu suka toshe ni, kuma suna da gaskiya. Ko saƙon da ake turawa ga mutane da yawa a lokaci guda ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka. Ka fara samun yardar mutum, sannan ka yi masa talla.

Maganar da ta fi yi mini nauyin faɗa ita ce ta wata baiwar Allah da ta sayi jaka. Na gyara hoton da manhaja har launin ya fi na gaske haske. Kaya ya isa, ta ga bambanci, ta rubuta ƙorafinta a ƙarƙashin hoton cikin ladabi. Zuciya ta ɗebe ni, na goge maganar, na toshe ta. Ashe ta riga ta ɗauki hoton allon wayarta, ta yaɗa shi tare da labarin abin da na yi. Mutane ba su damu da launin jaka ba sosai, gogewar ce ta sa suka ce mai gaskiya ba ya yin haka. Da a ce na ba ta haƙuri a bainar jama'a, na ce ta dawo da kayan a canza mata, da wannan ƙorafin ya zame mini tallar da kuɗi ba ya saye, domin mai saye a intanet ba ya taɓa kaya da hannu, halin mai kaya yake dubawa. Ku ɗauki hoto a hasken rana, ku nuna kaya yadda yake, in da aibi ku faɗa kafin a gani.

Batun biyan kuɗin talla ba zan ja shi ba. Yana aiki idan ka zaɓi yankin da za ka iya kai kaya da irin mutanen da ke buƙatarsa. Ni dannawa kawai nake yi, ina murnar an gani da yawa, ban taɓa tambayar mai saye a ina ya ga kayana ba. Ku riƙa tambaya, ku rubuta amsar. Bayan wata guda za ku san kafar da ke kawo kuɗi da wadda ke cin data kawai.

Sai babbar asarar. Wani ya kira ni da murya mai daɗi, ya ce za a tantance shafina, in karanto masa lambobin da za su shigo wayata. Na karanto. Kafin in farga ya canza komai, ya shiga karɓar kuɗin mutane da sunana. Laifina ne, ba na kowa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ba ni da sunan mai saye ko ɗaya a wajen shafin, don haka ko gargaɗi ban iya yi musu da wuri ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma shafinka a kowace kafa aro ne. Vine, wata kafar gajerun bidiyo, ya rufe a 2017, Google+, kafar sada zumunta ta Google, ya bi shi a 2019. A watan Yunin 2020 Indiya ta haramta TikTok, masu sana'ar da suka dogara da shi a can suka wayi gari babu shi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida. Ba sai an yi maka kutse ba ne za ka rasa hanyar isa ga mutanenka.

Saboda haka tun daga mai saye na farko ku buɗe littafi, na takarda ko na kwamfuta: suna, lambar waya, abin da ya saya, da ranar. Ku nemi izininsa kafin ku adana, kada kuma ku ba wa kowa. Ku kunna matakin tsaro na biyu a kowane asusu, wanda a WhatsApp lambar sirri ce mai alƙaluma 6 da kai za ka zaɓa. Idan kun ɗauki mai taimaka muku da amsa saƙonni, ku ba shi izini da nasa asusun inda manhajar ta ba da damar haka, maimakon miƙa masa kalmar sirrinku. Lambar da ta shigo wayarku kuwa, ko wa ya kira, ko da sunan wane kamfani, kada ku karanta masa.