Yadda manhajata ta kusa sa a kori yaron kanti

A cikin azumin 2019 na kai manhaja ta farko da aka biya ni kuɗi a kanta. Wani Alhaji ne mai kantin magani a Kano ya gaji da manyan littattafan da yake rubuta kaya da ciniki da bashi a ciki, ya ce in yi masa abin da zai riƙa gani a kwamfuta. Na rubuta ta da yaren kwamfuta na C#, tagoginta na Windows Forms, bayanan kuma a SQLite, wato fayil ɗaya tak da ke ɗauke da komai. Wata biyu ina gwada ta a laftof ɗina ba ta taɓa yi min gardama ba, har na fara jin kaina.

Kwamfutar kantin tsohuwa ce 'yar Beljiyam, Windows 7 mai bit 32, tawa kuwa Windows 10 mai bit 64. Ina dannawa ta ce ba ta ga SQLite.Interop.dll ba, fayil ɗin da take buƙata don yin aiki da SQLite. Fayil ɗin iri biyu ne, na bit 32 a foldar x86, na bit 64 a x64, ni kuma na kwashi abin da ke sama na bar foldojin a gida. Da tsakar rana na hau adaidaita na koma, na dawo da su har da laftof ɗin. Duk wanda ya taɓa kai manhaja wurin wani ya sha irin wannan.

Na zuba komai a Program Files, har da fayil ɗin bayanai, don a nan na saba ganin manhajoji suna zama. Muka shigar da magani na farko, na danna adanawa, sai saƙo ya fito cewa ana ƙoƙarin yin rubutu a ma'ajiyar da karatu kawai aka yarda a yi mata. Gaskiya saƙon ya faɗa. Tun daga Windows Vista ta 2007, manhajar da ba a buɗe ta da ikon admin ba, wato cikakken iko a kan kwamfuta, ba ta da ikon rubutu a Program Files. Amma ban tsaya na karanta shi da natsuwa ba. Alhaji na tsaye a bayana, la'asar ta gabato, bakina ya bushe. Na shiga taɓe-taɓe a saitin aikin har na ci karo da zaɓin gina manhajar ba tare da manifest ba, wato ɗan bayanin da ke gaya wa Windows irin ikon da manhaja ke buƙata. Na zaɓe shi, na sake ginawa, saƙon ya ɓace.

"Ka gani, Alhaji, ta gyaru."

"Allah ya yi albarka, Injiniya."

Kamar mako biyu bayan sallah ya kira ni, muryarsa ba daɗi. "Injiniya, ka zo ka duba min abin nan kafin in yanke hukunci." Na iske yaron kantin zaune a bakin ƙofa, idanunsa jajur. Alhaji ya buɗe manhajar ya nuna min: rahoton ciniki fayau, ko ƙwaya ɗaya ba a sayar ba tun ranar da na tafi, alhali kantoci sun yi ƙasa. Ya kuma ce ya ƙara kuɗin wasu magungunan tari da hannunsa, amma kuɗin da yaron ke kawowa na tsohon farashi ne. A lissafin Alhaji, yaro na sayarwa da sabon farashi yana soke bambancin a aljihu. Yaron ya rantse har ya gaji.

Na ce masa, "Zo ka nuna min yadda kake yi, tun daga kunna kwamfuta." Abu na farko da ya yi shi ne ya fita daga asusun Alhaji na Windows ya shiga nasa. Ya buɗe manhajar. Ga cinikin nan reras, rana bi rana, da tsohon farashi.

Gumi ya karyo min. Ga abin da ya faru: idan manhaja mai bit 32 ba ta da manifest, Windows na ɗaukarta a matsayin tsohuwar da ba ta san sabuwar doka ba. Maimakon ta hana ta rubutu, sai ta lallaɓa ta karkatar da rubutun zuwa wata folda mai suna VirtualStore da ke cikin AppData\Local na kowane mai amfani. Manhajar na ganin kamar a Program Files take rubutu, nan kuwa kowa da kwafinsa. Alhaji na da littafinsa, yaro na da nasa, babu mai ganin na wani. Da na ƙara tonawa sai na sami na uku, a ainihin Program Files, ɗauke da magunguna huɗu da na shigar ranar da na buɗe ta da ikon admin don gwaji.

Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan bai ci ko sisi ba. Laifina ne." Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira shi ya ba shi haƙuri a gabana. Ni ma na ba shi. Dare uku na yi ina haɗa kwafin biyu da hannu. Na maido da manifest, na mai da fayil ɗin zuwa ProgramData, foldar bayanan da duk masu amfani ke tarayya a kai, na kuma haɗa mai girkawa da Inno Setup wanda ke bai wa duk masu amfani ikon rubutu a foldar. Wannan mataki na ƙarshe wajibi ne, domin a ProgramData fayil ɗin da wani ya ƙirƙira ɗan'uwansa ba ya iya canza shi sai an ba da izini.

A waɗannan dararen ne na karanta kod ɗina da idon mai neman laifi, na ga halina a fili. Wuri goma sha huɗu na rubuta try da catch, wato tarkon kama kuskure, na bar cikin catch ɗin, inda ake faɗin abin da za a yi da kuskuren, babu komai. Duk inda kuskure ya dame ni, sai in toshe masa baki in wuce. Cire manifest ma haka ne, gyaran gangar Auzinawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa kowanne ya rubuta abin da ya faru a fayil na musamman: lokaci, wanda ke kan kwamfuta, allon da yake kai, da cikakken saƙon kuskuren har layin da ya faɗi. Tun daga ranar, in an kira ni an ce "ta ƙi yi", ba na tambayar me ta ce, don amsar kullum ita ce "wani Turanci ta rubuta, na danna OK". Sai in ce a turo min fayil ɗin ta WhatsApp.

Kwana biyu da sa shi ya kama ɓarawo na farko. Yaron ya daɗe yana cewa wasu masu karɓar bashi ba sa shiga, ni kuma ina cewa hannunsa ne. Ashe duk mutumin Na'ibawa ko 'Yankaba, da duk mai sunan da ke da hamza, manhajar tofar da shi take yi. Na gina umarnin SQL, yaren da ake yi wa ma'ajiyar bayanai magana da shi, ta hanyar manna rubutun mutum kai tsaye tsakanin alamomi biyu na ɗauko magana, ita kuwa hamzar da muke rubutawa alamar nan ce dai, sai ta rufe jimlar a tsakiya. Littattafan koyo suna kawo wannan a babin tsaro daga masu kutse. Mu a nan ba sai ɗan kutse ya zo ba, sunan unguwa kaɗai ya isa. Na koma amfani da paramita, wato miƙa rubutun mutum daban ba a cikin umarnin ba, yadda ya kamata tun farko.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa sun ba ni wuya ta fuska uku. SQLite na adana su lafiya lau, don UTF-8 take amfani da shi, tsarin rubutun da ya san haruffanmu. Amma bincikenta na LIKE haruffan Ingilishi kawai yake daidaita babba da ƙarami, don haka wanda ya rubuta "ƙofar mata" ba zai sami "Ƙofar Mata" ba. Ga shi kuma Alhaji na rubuta K zalla, yaro na sa Ƙ. Na ƙara wani gurbi na ɓoye da ke ajiye kowane suna da ƙananan haruffa, an miƙe lanƙwasa an cire hamza, a can ake yin binciken. Rahoton CSV, wato fayil ɗin jadawali, da nake fitarwa shi ma Excel na nuna ɗ da ɓ kamar rubutun aljanu, sai da na sa alamar BOM, mai gaya wa Excel cewa UTF-8 ne, a farkon fayil ɗin. Ita kuwa ƙaramar firintar rasit mai milimita 58 ba ta san ƙ ba, ba ta san ₦ ba, alamar tambaya take bugawa. Na daina tura mata haruffa, na koma zana rasit ɗin a matsayin hoto in tura. Ta ɗan rage sauri, amma sunan kowa na fita daidai.

Akwai wani toshe-bakin da na manta na yi, wanda ba ya cikin goma sha huɗun. Lokacin shigar da jerin magunguna wajen dubu uku daga Excel, tagar kan daskare, bayan daƙiƙa biyar Windows ta yi mata fari ta rubuta Not Responding. Dalili biyu ne: ina yin aikin a kan zaren da ke kula da allo, wato layin aikin manhajar da ke amsa dannawa, sannan kowane layi ina adana shi shi kaɗai, SQLite kuma sai ta jira faifan ya tabbatar da kowane ɗaya, abin da a tsohon faifai mai juyawa bai fi 'yan gommai a daƙiƙa ba. Ni kuwa da na ga wani ya ce a sa synchronous ya zama OFF, na sa, abu ya yi gudu, na bar shi haka. Ma'anarsa na ce mata kada ta jira tabbaci. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama! Wata Asabar cikin damina aka ɗauke wuta ana tsakiyar ciniki, kafin a tada janareto kwamfuta ta mutu. Da aka kunna sai ta ce fayil ɗin ya lalace. Allah ya taimake ni akwai kwafin daren Alhamis a filash, cinikin kwana ɗaya da rabi kuma muka dawo da shi daga rasit. Na mai da saitin yadda yake, na naɗe layuka dubu ukun a mu'amala ɗaya, wato a adana su duka a lokaci guda, na kai aikin wani zaren daban da umarnin async da await. Ya ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya ma fi na da sauri. Alhaji ya sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a makon.

Daga baya surukinsa na Maraɗi ya ce shi ma yana so. Windows ɗinsa ta Faransanci ce, inda ake rubuta 12,5 maimakon 12.5, Excel ɗinsa kuma da alamar ; yake raba gurabun CSV. Ranar farko ta ƙi karɓar jerin farashi. Wannan karon fayil ɗin kuskure ya gaya min layin tun kafin in ajiye waya, na gyara daga Kano ban taka iyaka ba. A nan ne kuma na mai da ranakun da nake ajiyewa zuwa tsarin shekara, wata, rana, don 03/11 uku ga Nuwamba ce a wurinmu, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa sha ɗaya ga Maris.

Kira na ƙarshe a shekarar daga yaron ne da kansa. "Yaya, jan layin nan na maganin da ya kusa lalacewa ya ɓace gaba ɗaya, kuma na san akwai kwali biyu da za su ƙare wata mai zuwa." Na buɗe fayil ɗin da ya turo. Babu kuskure ko ɗaya, amma kowane layi na safiyar ɗauke yake da shekarar 2010. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan uwar allon kwamfuta, CR2032, shi ne ya mutu, agogo ya koma baya, duk magani ya zama sabo fil. Na ce ya je wurin mai gyaran agogo ya sayo ɗaya, na bi shi ta waya har ya sa. A daren na ƙara layi shida: in ranar yau ta gaza ranar ciniki na ƙarshe, manhajar ta ƙi buɗewa, ta rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, cewa a duba agogon kwamfuta.