Godiya ta musamman bayan dawowata daga Lindau

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah na dawo gida Kaduna lafiya tun shekaranjiya, jirgin ƙasan yamma na biyo daga Idu zuwa Rigasa, wallahi da na hango su Umma a bakin tasha riƙe da Hanifa sai hawaye kawai, yarinyar nan kwana tara ba ta ganni ba amma ko rama ba ta yi ba.

Masu ta tambayata a inbos wai ina na je, Lindau ne, wani ɗan tsibiri a kudancin Jamus cikin tafkin da suke kira Bodensee, inda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka haɗa iyaka. Tun 1951 ake wani taro a can duk shekara, wasu likitoci biyu ƴan garin ne suka faro shi, ana tara waɗanda suka ci kyautar Nobel da matasa masu bincike wajen 600 daga ƙasashe daban daban a zauna sati guda ana lacca ana tambaya ana cin abinci tare. Bana na kemistiri ne, kuma Allah cikin ikonSa ya sa sunana a ciki.

Godiyata ta farko bayan Allah ga supabaizana ce. Baba Farfesa, ku ne kuka turo min da sanarwar da daddare kuka ce in cika, na ce ranka ya daɗe anya irin mu ake nema kuwa, kuka ce ke dai cika. Sau huɗu kuna dawo min da takardar da jan biro. Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifa.

Sai Malam na ɗakin gwaji, shi kam ban san da wane baki zan gode masa ba. Aikina a kan ruwan kogin Kaduna ne, ina auna dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan da masu lambu ke ban ruwa da shi, kuma duk samfurin da na ɗebo daga wajen Kakuri da Nasarawa shi ne yake shiga har gwiwa da robobi ni ina tsaye a gaɓa ina rubuta lamba. Akwai ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu janareta kuma ba mai, bawan Allah nan ya kwashe robobin a kula ya sayo ƙanƙara da kuɗin aljihunsa ya kai gidansa ya kwana yana canzawa, ban ma sani ba sai da safe. Malam, lambobin da na nuna a Jamus da hannunka a ciki, kuma na faɗi haka a can.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani zama da muka yi da wani dattijo cikin masu Nobel ɗin, mu kamar goma sha biyu a tebur ɗaya. Jikina na rawa na tambaye shi yadda mutum zai amince da sakamakonsa alhali injin da yake awo da shi ya tsufa kuma sai ya yi layi kafin ya samu. Bai yi dariya ba, biro ya ciro ya jawo takardar goge baki ya fara tambayata sau nawa nake maimaita awo, da me nake daidaita injin, ina ajiye ruwan a sanyi nawa, ya kai minti ashirin a kaina ni kaɗai. Takardar nan tana cikin jakata yanzu haka.

Sallah ce ta ɗan ba ni wuya, rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, isha'i kusan tsakar dare, asuba kuma tun wajen uku. Wata ƴar uwa daga Masar muka riƙa tashin juna, Allah ya saka mata. Ranar ƙarshe aka kwashe mu a jirgin ruwa zuwa tsibirin Mainau aka rufe taro a can.

Maigida Abban Hanifa, na gode da izini da haƙuri da zirga zirgar Abuja lokacin neman biza. Umma, Allah ya bar mana ke. Yayye da ƙanne da kuka haɗa min kuɗin guzuri ba tare da na roƙa ba, da ƴan ajinmu da suka riƙe min darasin ɗalibai, Allah ya biya ku.

Ƙannena ɗaliban kimiyya musamman mata, duk mai son neman zuwa taron nan in an buɗe ta same ni a ɗakin gwaji ranar Litinin ko Laraba bayan azahar, ta zo da takardunta mu duba tare.