Na zuba kuɗi a kebul, ashe sifika ce ke magana

Ƙannena masu shirin haɗa kayan sauti na farko a ɗaki, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka ko kwa tsira da 'yan kuɗinku, tunda an ce in kunne ya ji jiki ya tsira, harkar nan kuwa dama duk ta kunne ce.

Sifikokin da na fara saya wallahi ko sauraronsu ban yi ba, lamba ce ta ja ni. Manya-manyan akwatuna ne sun kai min ƙugu, an manna musu wata jar takarda an rubuta 2000W PMPO, haɗe da 'yar amfilifayarsu mai fitilu kala-kala, ni kuma a lokacin a tunanina yawan wat shi ne daɗin sauti. Tun wajen ɗauka ya kamata jikina ya ba ni, don akwatin da ya kai wannan girman na ɗaga shi da hannu ɗaya kamar kwalin da ba komai ciki, in ka ƙwanƙwasa gefensa sai ka ji bum-bum kamar ganga. Sai daga baya na leƙa bayan amfilifayar na ga an rubuta wutar da take ja daga soket wat 60 ce. To abin da ke shan 60 ta ina zai ba ka 2000? Wannan PMPO ɗin ba shi da wani ma'auni tsayayye, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar da za ka duba ita ce wadda aka ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya za ta iya ci gaba da bayarwa ba tare da ta shaƙe ba, kuma a faɗa maka na kowane gefe ne, a kan ohm nawa aka auna, ohm ɗin shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta. Rikicin nan ba yau ya fara ba, tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka a kan yadda za a riƙa faɗin ƙarfin amfilifaya saboda ƙaryar ta yi yawa. Kuma don ku ga ba girin-girin ba dai ta yi mai, wata amfilifaya mai suna NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda har yau masu harkar ke ambatonta da girmamawa, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane gefe.

Akwai lambobi biyu a bayan sifika da ba wanda ya taɓa nuna min, su ne ya kamata in fara kallo. Ta farko ita ce ta dB, za ka ga 85 ko 87 ko 90, ma'anarta yawan ƙarar da sifikar ke bayarwa in aka ba ta kamar wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya. Duk bambancin dB 3 ninkin wuta ne, don haka sifika mai 84 sai ta sha wat 80 kafin ta kamo ƙarar da mai 90 za ta yi da wat 20, ka ga in amfilifayarka ƙarama ce wannan lambar ta fi wat ɗin da ke jikin kwali muhimmanci nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce ohm, yawanci 4 ko 6 ko 8, iya ƙanƙantar lambar iya wahalar da amfilifaya za ta sha. In an rubuta a bayan amfilifayarka 8 zuwa 16, kar ka ɗora mata mai 4 ka murɗe boliyom. Kar kuma ka yi irin tawa, da na ga kamar sifika biyu sun yi kaɗan na ƙara wasu biyu na cusa wayoyinsu a rami ɗaya, ban san mai 8 da mai 8 in ka jera su haka 4 suke komawa ba, amfilifayar ta yi zafin da ba ka iya ɗora mata hannu, tana kashe kanta tana kunnawa.

A wannan ganganci na ƙona tuwita, ba Twitter ta intanet ba, 'yar ƙaramar sifikar nan ta sama mai fitar da siririn sauti. Na ɗauka babbar amfilifaya ce kawai ke ƙona sifika, ashe ƙarama da aka matsa wa lamba ita ma gwana ce, don in ƙarfinta ya ƙare sautin yana datsewa ya yi kaushi, kuma wannan kaushin tuwita ce ke kwasarsa. Alamar a fili take, ka ji murya ta fara tsatsa tana soke maka kunne, to rage, kar ka ce bari waƙar ta ƙare. Ni na ce bari ta ƙare.

Bayan nan na yi hankali kaɗan, na tara kuɗi na sayi ƙananan sifikoki na kirki, irin na ɗorawa a kan kanta masu wufa, wato babban faifan da ke fitar da bes, mai inci biyar da 'yan kai, da amfilifaya daidai su. Na haɗa, na kunna, sai na ji abin ba armashi. Bes ɗin siriri kamar an tace shi, muryar mai waƙa kuma ba ka san daga ina take fitowa ba, tana yawo a gefen kai kamar kana da mura. Maimakon in tsaya in bincika sai na shiga karance-karance a intanet, kowa na cewa kebul ne, wai waya mai araha tana danne bes, wai akwai wadda ke buɗe sauti kamar an yaye labule. Nan na zuba kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe a kayan gaba ɗaya a kan kebul mita uku-uku, mai kauri kamar tiyo, an saƙa masa riga, bakinsa ruwan zinare, har da kibiya a jiki wai tana nuna inda sauti zai bi. Na cire tsofaffin wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina sa sababbin daidai yadda na tarar da su, na zauna na rufe ido na ce kai, lallai ya canza. Bai canza ba. Kuɗin da na kashe ne ke min raɗa a kunne, kuma na fi wata huɗu ina yaudarar kaina a haka.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da muke mutunci da shi ne ya zo ɗaukar tsohuwar amfilifayar, na ce Baba zauna ka ji sabon kebul ɗina. Bai yi minti ɗaya yana saurare ba ya miƙe, ya ce kashe, ya zagaya bayan sifikar hagu ya duƙa, sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce yaro zo ka gani. Jar waya na sa a baƙin rami, baƙa a ja, a gefe ɗaya kawai. Wato tun ranar farko in wufar dama ta turo iska gaba ta hagu baya take ja, suna cinye bes ɗin juna. Ya juya su, ko sakan talatin bai ɗauka ba, muka kunna, bes ya dawo da nauyinsa, muryar ta zo ta tsaya cak a tsakiya kamar mutum na tsaye tsakanin akwatunan. Har ya nuna min dabarar batir, ka cire wayar daga amfilifaya ka taɓa ta a ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan, in wayar da ke jan rami tana kan fulos ɗin batir wufar waje za ta motso, duka biyun dole su motsa gefe ɗaya.

Duk da haka ban saduda ba, na ce ai Baba kebul ɗin ma yana da nasa aikin. Ya ce to juya baya. Ya ɗauko wata wayar jan ƙarfe ta gama-gari daga jakarsa, yana canzawa ina canka, sau goma. Biyar na ci biyar na faɗi, kamar dai mai jefa kwabo sama. Kibiyar kuwa ya ce wutar da ke bin wayar sifika gaba da baya take yi sau dubbai a sakan ɗaya, to wace hanya kibiyar ke nuna mata?

Ba wai waya ba ta da muhimmanci kwata-kwata ba ne, kar ku je ku ɗauko siririya kamar gashi ku ce ni na ce. Abu uku ne kawai, kauri da tsawo da kuma ainihin ƙarfen da ke ciki. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5 mm², in mita uku ce, zuwa da dawowa abin da take tarewa bai wuce ohm 0.07 ba, a gaban sifika mai ohm 8 ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kar na wayar ya wuce kashi 5 cikin ɗari na sifikar. In nisan ya kai mita goma ko sifikarka mai ohm 4 ce sai ka hau 2.5 mm². In da lambar AWG aka rubuta, ita a juye take, ƙaramar lamba ce mai kauri, 16 ta isa ɗan ɗaki, 14 ta fi ta. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce mai CCA, alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe, wutar da yake wucewa da ita kamar kashi 60 ne na jan ƙarfe kuma yana saurin karyewa a bakin rami. Kankare silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki to shi ne. Sannan in za ka sa, murɗe silin sosai, sili ɗaya tak da ya ɓalle ya taɓa ɗaya ramin ya isa ya kashe maka amfilifaya, kuma a kashe take za ka yi duk wannan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran da ya fi kowanne canza sautin kyauta ne. Sifikokina suna da rami a baya na fitar da iskar bes, ni kuma na manna su da bango, ɗaya ma a lungu, shi ya sa da aka gyara wayar wasu waƙoƙin suka koma gunji. Na jawo su gaba kamar taku ɗaya, na ɗaga su tuwita ta zo daidai kunnena in ina zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerata, na ɗan karkato su suna kallona, na shimfiɗa kafet a gabansu saboda tayil na mayar da sauti. Sai ka rantse wasu kayan aka kawo.

Da yau zan fara da 'yan kuɗi, rabi ko fiye a sifika zan sa, saura amfilifaya, waya kuma canjin da ya rage. Kuma ba zan saya ba sai na ji da kunnena, da waƙa biyu ko uku da na sani kamar yunwar cikina, a ƙarar da zan riƙa ji a ɗaki. In kana gwada biyu ka tabbata ƙararsu ɗaya, don wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ne kullum ita kunne ke cewa ta fi daɗi, masu sayarwa sun san wannan sarai. Ka sa maganar mutum zalla ma ka ji, in murya ta fito kamar daga hanci ko daga cikin tulu, wuce. Ɗan ƙaramin ɗaki ba ya buƙatar dogayen akwatuna, kuma in lissafin ohm ɗin nan ya fara sa ka ciwon kai akwai sifikoki masu amfilifaya a cikinsu, irin su Edifier R1280T, ba abin kunya ba ne a fara da su.

Na hannu kuwa akwai riba a ciki in ka iya dubawa. Cire ragar gaban ka kalli zoben da ya kewaye wufar, in na soso ne ya tsufa yana marmashewa da ka taɓa shi. Sa yatsu a kewayen tsakiyar ka tura a hankali, in ka ji tana gogar wani abu ƙur-ƙur to koyil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa wufar daga ciki, ya sha wuta. Kara kunnenka a kowace tuwita ka tabbata tana magana, don da yawa irina ne suka ƙona suka kai kasuwa. In kana da multimita, wato na'urar auna wuta, ɗora ta a ramukan sa waya, mai ohm 8 za ta nuna wajen 6, wannan lafiya ne, amma duka biyun su nuna kusan abu ɗaya.

Kebul ɗin nan mai kibiya har yanzu yana nan a jone, tunda na riga na saya kuma ba abin da ya same shi, sai dai tun ranar da Baba ya mayar da shi kibiyar gefen hagu baya take kallo, ban kuma taɓa juya ta ba.