Godiya ga waɗanda suka fitar da ni kunya a aikin haɗa rahotanni

Alhamdulillah. Jiya da yamma rahoton ciniki da na sito suka ba da lissafi ɗaya, karon farko cikin mako 3 tun da aka ɗora mini aikin haɗe su a Power BI, manhajar haɗa rahotanni daga alƙaluma. Na ce ba zan kwanta ba sai na yi godiya a bainar jama'a.

Laifin farko nawa ne. Kowane sashe yana da nasa tsarin tauraro: teburin alƙaluma a tsakiya, teburan bayani kewaye da shi, kowa da teburin kayansa da na kwanan watansa. Na kwaso su yadda suke na zuba wuri ɗaya. In ka zaɓi kaya a allo sai ciniki ya amsa, sito kuwa ya yi kunnen uwar shegu. Garin neman gyara na haɗe teburan alƙaluman biyu da lambar kaya a Power Query, ɓangaren manhajar da ake gyara tebura a ciki, kowane layin ciniki ya hayayyafa gwargwadon layukan sito da suka dace da shi, jimilla ta kumbura. Har na fara murna, wai kasuwa ta buɗe.

Yaya, babbar injiniyarmu, Allah ya saka miki da alheri. Ba ki yi mini dariya ba. Takarda kika jawo kika zana jadawalin nan na Ralph Kimball, masanin tsara rumbun bayanai, ayyuka a gefe, teburan bayani a sama, kika sa alama duk inda suka haɗu. Nan na gane teburin kaya guda ɗaya ake so, na kwanan wata ma ɗaya, alƙaluman kowa su rataya a jikinsu ba tare da sun taɓa juna ba.

Ƙanina da ke zaune kusa da ni, kai ka gano dalilin da alaƙar ɗaya-da-yawa, wato layi ɗaya a teburin kaya ya haɗu da layuka da yawa a teburin alƙaluma, ta ƙi ƙulluwa. Mutanen sito suna ajiye tarihi, duk kayan da aka sauya wa rukuni sai a buɗe masa sabon layi, lambarsa ta fito sau 2. Muka ba kowane layi mabuɗinsa na musamman, magana ta ƙare. Ka kuma tuna mini cewa alaƙa ɗaya tak ke aiki tsakanin tebura biyu, shi ya sa muka bar alaƙar ranar oda tana aiki, ta ranar kai kaya kuwa muke kiranta da umarnin USERELATIONSHIP idan lissafi ya buƙace ta.

Amma wanda na fi jin nauyinsa shi ne shugaban sashen sito. Ranka ya daɗe, shekaru kana renon teburin kayanku, ka yarda aka ajiye shi, ka zauna da mutanen ciniki har kuka daidaita sunayen rukuni ɗaya bayan ɗaya. Wannan zama ya fi duk lissafin wahala, kuma ba aikin da kwamfuta za ta yi mana ba ne.

Tsofaffin teburan suna nan a ɓoye zuwa ƙarshen wata. Wanda rahotonsa ya nuna layin da babu suna, don Allah ya taɓa ni kafin mu goge su.