Daga Kano zuwa Yamai: yadda cibiyoyin bincike na jami'o'i za su yi aiki tare ya ɗore

A 2014 Bankin Duniya ya fara tallafa wa cibiyoyin ƙwarewa na jami'o'in Afirka, shirin da ake kira ACE a taƙaice. Zagayen farko ya ƙunshi cibiyoyi 22 a yammaci da tsakiyar Afirka, goma daga ciki a Najeriya. Zagayen da aka buɗe a 2019, wanda hukumar raya ƙasashe ta Faransa AFD ta sa hannu a ciki, ya kai cibiyoyi 53 a ƙasashe 11, kuma 17 na Najeriya ne. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Accra ce ta kula da tafiyar shirin a matakin yanki, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Najeriya, NUC, kuma a cikin gida. A Jami'ar Bayero akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna, wato CDA, da ACEPHAP mai nazarin lafiyar al'umma. A Ahmadu Bello ta Zariya akwai ACENTDFB mai aiki kan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai CERPP mai nazarin nama, madara, fatu da ƙiraga. A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai WACCI, inda ake horar da masu inganta iri.

Hikimar shirin ita ce babu jami'a ɗaya da za ta mallaki kowace na'ura da kowane gwani, don haka kowace ta ƙware a fanni guda, sauran su amfana. Sa hannu a takardar fahimtar juna shi ne mafi sauƙi a cikin wannan, shugabanni biyu da alƙalami da mai ɗaukar hoto sun isa. Inda haɗin gwiwa ke tsayawa ko ya rushe shi ne ƙa'idar aiki, da hanyar da samfur zai bi, da kuɗi, da ɗalibi.

Mu ɗauki gwajin irin gero, tunda shi ne ya fi nuna dalilin haɗuwar. Ruwan damina na raguwa yayin da aka doshi arewa daga Kano zuwa Maraɗi, don haka irin da ya yi kyau a wuri ɗaya ba lalle ya yi a ɗayan ba. Sai an gwada shi a wurare da dama, aƙalla damina biyu, kafin a faɗa wa manomi komai. A ce iri 20 za a gwada, kowanne a maimaita shi sau uku: fuloti 60 ke nan a kowane wuri. Fulotin ya zama layi huɗu masu tsawon mita biyar, a girbe biyun tsakiya kawai, domin na gefe suna cin sarari da hasken da ba nasu ba. Dole a sa iri ɗaya sananne a duk wuraren a matsayin ma'auni, kamar SOSAT-C88, sannan kowane wuri ya ƙara da irin da manomansa ke shukawa.

A nan ake fara samun tangarɗa. A Nijar an saba shuka gero mita ɗaya tsakanin rami da rami ta kowane ɓangare, rami 10,000 a hekta. A ɓangaren Najeriya ana yin kunya mai tazarar santimita 75, kuma idan aka bar santimita 50 tsakanin ramuka, an haura 26,000. In kowa ya bi al'adarsa, abin da aka kwatanta a ƙarshe tazara ce, ba iri ba. Haka batun laima. Hatsin da ya auna kilo 2 da laimar kashi 18 cikin ɗari, idan aka mayar da shi kashi 12, kilo 1.86 ne. Bambancin ya kai kusan kashi bakwai cikin ɗari, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin iri na ɗaya da na uku ba ta kai haka ba. Saboda haka a rubuta a ƙa'ida cewa kowane awo zai tafi da na laimarsa, a kuma tsayar da kaso ɗaya da kowa zai mayar da lissafinsa a kai. Kada a karɓi rahoto da dami ko tiya ko mudu, sai kilo. A rubuta ranar shuka, ranar da rabin fuloti ya fitar da kai, ruwan da aka samu kullum daga ma'aunin da ke cikin gonar, da ɓarnar tsuntsaye, domin iri mai saurin nuna shi jan baki ke fara sauka a kai, sai a ɗauka irin ne ba ya bayarwa. Wuta-wuta ma a ƙirga ta bayan adadin kwanaki iri ɗaya daga shuka a ko'ina.

Wani abu da sababbin shiga ke mantawa: gero na barbara da na maƙwabcinsa ta iska. Hatsin da aka girbe daga fulotin gwaji ya riga ya gauraya, ba a mayar da shi iri a damina ta biyu. Cibiya ɗaya ce za ta ninka irin a keɓaɓɓen wuri, ta raba wa kowa daga buhu ɗaya.

Ɗakin gwajin ƙasa ma haka yake. Wani yana auna sinadarin fosfaras da hanyar Bray, wani da ta Olsen, kuma lambobin biyu ba sa zama a jadawali ɗaya. Lambar pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, da aka auna a ruwa takan fi wadda aka auna a ruwan gishirin KCl da rabin maki zuwa maki ɗaya. Maganin ba shi da tsada: a ɗebi ƙasa daga zurfin santimita 0 zuwa 20, a shanya ta a inuwa, a tankaɗe da rariyar milimita biyu, a gauraya sosai, a raba wa duk ɗakunan gwajin ba tare da an faɗa musu sakamakon juna ba. Wanda lambarsa ta yi nisa da ta saura, a duba sikelinsa da ruwansa da sinadaransa kafin a ba shi samfur na gaske. Ina ganin cibiyar da ta ƙi shiga wannan gwajin ba ta shirya haɗin gwiwa ba, komai girman gininta.

Sai tsallaka iyaka da iri. Gero da dawa da wake suna cikin jerin amfanin gona na yarjejeniyar duniya kan albarkatun tsirrai, don haka akwai daidaitacciyar takardar musayar iri da ake cikewa. Gyaɗa ba ta cikin jerin, ita sai an duba inda irin ya fito da sharaɗin da ke kansa. Bayan wannan akwai izinin shigo da kaya daga NAQS, hukumar da ke tantance kayan gona a kan iyakokin Najeriya, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ta aiko. Tunda shuka a watan Yuni ko farkon Yuli take, takardun nan a fara su tun Janairu. Irin da ya iso bayan ruwan shuka da mako uku ya ci shekara guda ta ɗalibin digirin digirgir.

Masu aikin cututtuka nasu ya fi tsauri. Cibiyoyinsu sun haɗu a ƙarƙashin WANIDA, ɗaya daga cikin ƙawancen da cibiyar binciken Faransa IRD ta taimaka aka kafa, kuma an ga amfanin ƙwarewar gida lokacin da cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun ta karanta ƙwayoyin halittar cutar korona a Maris 2020, karo na farko a Afirka. Samfurin jini ko majina ana ɗaure shi hawa uku: kwalbar da ba ta yoyo, mazubi na biyu da abin tsotse ruwa, sannan kwalin waje mai lambar UN3373. Busasshiyar ƙanƙara tana riƙe sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, amma tana tashi da kanta, kilo biyu zuwa huɗu da ɗoriya a kwana ɗaya gwargwadon kyawun akwatin. Don haka a yi lissafin kwanakin tafiya, a ƙara biyu saboda kwastan, kuma kada a aika ranar Alhamis, don kada samfurin ya maƙale a hutun ƙarshen mako. Kafin duk wannan, amincewar kwamitin ɗa'a na kowace ƙasa daban take, ta Najeriya ba ta wadatar a Nijar ko Ghana.

Kuɗin shirin ACE ba a bayar da shi gaba ɗaya ba. An riƙa sakinsa ne bayan an tantance sakamako: ɗalibai nawa aka ɗauka, nawa ne mata, nawa ne daga wasu ƙasashe, maƙala nawa ta fito a mujallun da aka yarda da su, wane kwas ya samu tantancewa. Tsarin ya sa an yi aiki, wannan gaskiya ne. Amma ana ƙirga sakamakon ne cibiya-cibiya, don haka darakta zai fi karkata ga abin da zai shigo da kuɗi gidansa. In ba a ware wa aikin tarayya kasonsa a kasafi tun farko ba, shi ake fara yankewa. Ga kuma canji. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa daga wajen 460 a dala kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kasafin tarayya da aka rubuta da naira ya narke kafin a sayi sinadari. A rubuta shi da kuɗin da mai tallafi ya bayar, kowace cibiya ta karɓi kasonta kai tsaye, maimakon a bi ta asusun wata jami'ar a jira sahalewar fitar da kuɗi ƙasar waje.

Ɗalibin da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano yana da sa'ar da ba kowa ke da ita ba. A gona da kasuwa da wajen hira da manoma, Hausa ta gama masa komai. A aji da rubutun kundi ne Turanci ke tare shi, kamar yadda Faransanci ke tare na Kano a Yamai. Watanni uku zuwa shida na koyon harshe kafin fara kwas sun fi a bar shi ya faɗi zangon farko. Takardun shaidar karatunsa na tsarin LMD ne, wato tsarin digiri na ƙasashe masu amfani da Faransanci, a fassara su a tantance kafin ya taso. Idan malamai biyu daga jami'o'i biyu za su duba shi, a rubuta wa zai biya kuɗin makaranta, ina za a kare kundin, da wane harshe, kuma me za a yi idan jami'a ɗaya ta rufe. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, ya haɗiye damina sukutum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris 2024. Ƙawancen da ya ajiye kwafin iri da na bayanai a ɓangarori biyu, kuma yake da ma'aikacin gona a kowane wuri wanda ya san ƙa'idar da ka, shi ne zai iya ci gaba a irin wannan hali.

Bayanai a tattara su da fom ɗaya a waya, ta manhajar KoboToolbox ko ODK, da sunayen ginshiƙai iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya, a tura kowane mako domin a kama kuskure tun amfanin yana gona. Batun sunayen marubuta maƙala kuwa a gama shi kafin a shuka ƙwaya ɗaya. Ba daidai ba ne wanda ya yi damina biyu yana ƙirga wuta-wuta a rana ya ƙare a layin godiya, wanda ya yi lissafi a kwamfuta ya zama na farko. Wannan ya raba abokan aiki fiye da rashin kuɗi.

Kuma a ɗauki mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan kawai: bin takardun izini, tuna wa kowa ranar aika bayanai, shirya taron intanet na wata-wata da harsuna biyu. Kada ya zama farfesan da ke da darussa da kwamitoci goma. Albashinsa, da kwangilar gyaran na'urori, da batiran firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, su shiga kasafin jami'o'in tun tallafi bai ƙare ba. Kowace cibiya kuma ta fitar da farashin gwajin samfur ɗaya a rubuce, da rangwame ga abokan ƙawance, domin kuɗin sinadari da na dizal su riƙa fitowa daga aikin kansa.