Takardar makin 'yan SS2

Ranar da aka nemi takardar makin 'yan SS2 aka rasa, ina tsaye a ofishin malamai da alli a hannu, Hajiya shugabar sashenmu tana zaune da tarin rajista a gabanta. Karo na uku ke nan a zango ɗaya ina makara wajen miƙa sakamako. Ta cire tabarau ta ce, "Malama, ki faɗa min gaskiya, aikin ne ba kya so, ko mu kika raina?" Mun kai mu goma a ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai kamar yana duba littafi. Maimakon in ba da haƙuri, sai na ɗaga murya na ce ai ba ita ta ɗauke ni aiki ba. Matar da ta kusa haifata na gaya wa haka. Washegari aka miƙo min kweri. Takardar kuwa bayan kwana biyu na tsince ta a naɗe cikin dardumar sallata, a cike tsaf, tun makon da ya wuce na gama ta.

Shekara 14 ina koyar da Bayoloji a garin Bauchi, ban taɓa shiga aji ba shiri ba. In na kama zanen zuciya da jijiyoyinta a allo, ko ƙararrawa ba na ji, sai malamin da ke biye da ni ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Amma a ce in zauna in kwafe makin yara 80 a jere, ga hira a bayana, ga mai gyaɗa tana sallama ta taga, sai in ji kaina ya koma kasuwar Muda Lawal. Kowace murya tana shigowa da ƙarfi ɗaya, ba wadda zan iya ture wa gefe. Shi ya sa nake guduwa ɗakin gwaje-gwaje lokacin tara, shi ya sa kuma aka yi min lakabin mai girman kai.

Bayan kwerin nan barci ya ƙaurace min. Ina kwance ido biyu har a kira assalatu, ina ta maimaita maganar Hajiya. In keke ya sha kwanar makaranta sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. Inna ta ce baki ne, ta aiko da rubutu da habbatus sauda. Na sha, addu'a kuma ban taɓa sakinta ba. Maigida ne ya dage sai mun je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ATBU. Wata biyu ina ja da baya, saboda na san sunan da muke kiran irin wurin da shi, na kuma san abin da iyayen yara za su ce in an ga malamar 'ya'yansu a layin.

Likitan bai yi gaggawa ba. Ya ce akwai ciwon damuwa da fargaba, ya fara da su. A zuwa na uku ne ya koma tambayar ƙuruciyata: ina yawan ɓatar da kaya? Ana aikena in manta saƙon a hanya? Na tuna yadda malaman firamare ke gaya wa Baba cewa ina da ƙoƙari amma ba na natsuwa. Ya ce abin da ke ƙarƙashi shi ne ADHD, yanayin da ƙwaƙwalwa ke wahala wajen tsayar da hankali da tsara aiki. Alamominsa kan bayyana kafin shekara 12, kuma a wurin 'yan mata sau da yawa ba a ganewa, don ba tsalle-tsalle suke yi ba, zama suke shiru hankalin ya tafi wani wuri. Na fito na zauna a kan benci na yi kuka sosai. Shekara da shekaru na yarda cewa ni malalaciya ce mai ɓoye lalacinta.

Daga baya na karanta ra'ayin da ya yaɗu a ƙarshen shekarun 1990, wanda ake dangantawa da Judy Singer, masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, cewa ADHD da galahanga (autism) da wahalar haɗa baƙi wajen karatu bambancin ginin ƙwaƙwalwa ne tsakanin mutane. Na karɓi wannan, amma ban yarda a mai da shi mafaka ba. Hajiya ita masu duba makarantu daga ma'aikatar ilimi ke tsarewa in sakamako bai cika ba, kuma rashin kunyar da na yi mata tawa ce. Abin da har yau yake min ciwo shi ne tozarcin a gaban jama'a. A watan Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda sunanta ma na mahaukata ne. Amma a ofishinmu har yanzu in malami ya ce kansa ya yi nauyi, "a yi haƙuri" kawai zai samu, in ya juya baya a ɗaga gira.

Gida na bi Hajiya ranar wata Asabar, na durƙusa na nemi gafara, sannan na gaya mata abin da likita ya ce. Ta daɗe shiru. Ta ce, "To, 'yata, kowa da nasa uzurin." Ban ji daɗin amsar ba. Duk da haka na roƙe ta abu biyu: ta riƙa rubuta min ranar miƙa aiki a takarda maimakon faɗa da baki a tsakiyar hayaniya, ta kuma bar ni in riƙa cike maki a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar Litinin na tarar da 'yar takarda a maƙale a rajistata, da jan biro: "SS2, Alhamis, kafin azahar." Sauran malamai ban gaya musu komai ba tukuna. Takardun nan dai yanzu sun kai tara, suna cikin aljihun jakata.