Godiya daga gidanmu bayan kwana tara a Kaltungo

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Jiya da yamma muka dawo gida da Baban yara, yana takawa da ƙafarsa, ko da yake da sanda, kumburin kuma bai gama sacewa ba. Yawancinku kun bi labarin tun ranar da kububuwa ta sare shi a gonar gyaɗa, saboda haka ba zan maimaita ba, ba ni ma da ƙarfin maimaitawa, domin rabona da barcin kirki tun ranar.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a daren farko. Duk wanda ya taɓa jinyar saran kububuwa ya san dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya zauna yana magana da kai alhali jini na tsattsafowa daga dasashinsa, wani kuma yana zuba ta ciki inda ido ba ya kai. Ba banza ba ake kiranta gobe da nisa. A asibitin saran maciji na Kaltungo akan ɗebi jini kaɗan a zuba a 'yar kwalba, a ajiye ta ba mai taɓawa har minti 20, sannan a karkata ta a gani ko ya daskare. An yi masa allurar maganin dafi, aka ce mu jira awa 6 a sake gwadawa. Da lokacin ya cika aka karkata kwalbar a gabana, sai jinin ya gangaro kamar ruwa. Nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na fita waje na zauna a ƙasa.

Mama, shugabar Zumuntar Matan ikilisiyarmu, ta ce kada in ambace ta, amma ta gafarce ni. Ita ce ta biyo ni ta zauna kusa da ni a kan zanenta. Na ce mata, "Mama, idan ya tafi fa?" Na zaci za ta ce mini ba zai tafi ba, kamar yadda kowa ya yi ta faɗa a waya. Sai ta ce, "'Yata, ban isa in yi miki wannan alkawari ba. Nawa maigidan ya tafi shekara 11 ke nan, ni ma jira nake yi. Ranar da Ubangiji zai komo, da shi zai zo." Ta buɗe tsohon Littafi Mai Tsarkinta da hasken waya ta karanta mini Yakubu 5:7 da 8, inda aka ce mu yi haƙuri har komowar Ubangiji, mu dubi manomi yadda yake jiran amfanin gonarsa har ya sami ruwan farko da na ƙarshe. Ta ƙara da 1 Tasalonikawa 4, cewa kada mu yi baƙin ciki irin na marasa bege, gama waɗanda suka yi barci cikin Almasihu su ne za su fara tashi.

Tun ina yarinya nake jin ana cewa Ubangiji yana zuwa, na kuma sha amsawa da Amin, amma sai a wannan dare na gane cewa begena duka a kan kwalbar nan na ɗora shi. Mama ta ɗauke shi daga can ta mayar da shi inda ko mutuwa ba ta isa ta taɓa shi ba. Ba ta kuma bar ni in naɗe hannu ba. Ta ce manomin da ke jiran ruwa yana gyara gonarsa, ta sa na tashi na wanke fuskata, na sha kunun da ta kawo, na koma gefen gadon mijina. Aka ƙara masa allura, muka sake jiran awa 6. Da asuba aka karkata kwalbar, jinin ya tsaya cik.

Maƙwabcinmu Malam, wanda ya bar tasa gonar ya ɗauko shi a babur, ya hana a ɗaure ƙafar ko a tsaga wurin, ya ce asibiti kai tsaye: Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuriya. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka kwana a tsaye, Ubangiji ya sabunta ƙarfinku. Baba Fasto da dattawa, da matasan ikilisiya da suka yi gayya suka cire mana gyaɗar kafin ta lalace a ƙasa, da matan da suka riƙe mini yara: Allah ya tuna da ku a ranar bukatarku, ya cika rumbunanku, ya tsare ƙafafunku a gona da hanya, ya same ku a tsaye ranar zuwansa.

'Yan'uwa na jini da ke birni, mun ga saƙonninku na waya, mun gode. Mun yi ta duban ƙofar ɗakin jinya, amma mun san kowa da abin da ya riƙe shi.

Ina roƙonku ku tuna da iyayen wani yaro makiyayi da aka kwantar kusa da mu, wanda aka kawo shi a makare, su kuma suka koma gida ba tare da shi ba. Har yanzu fuskar mahaifiyarsa tana idona.

Ranar Lahadi mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu miƙa godiya a sujadar safe, daga nan mu wuce gida. Wanda bai sami zuwa Kaltungo ba, ƙofarmu a buɗe take, Baban yara kuma yana tambayar kowa da sunansa.